Shekarar da Muka Ba da Filin Damba

Rifkatu da Iliya sun san rabin abin da zan faɗa a nan, don suna da wayo a lokacin. Ku ƙanana kuwa abin da kuka tsinta a bakin dangi ne, wai dattawan ikilisiya ne suka yi wa babanku daɗin baki har suka raba shi da filinsa. Ba haka aka yi ba. Ina wurin tun farko har ƙarshe, kuma gara ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashi.

Ba a daɗe da yanke mana jihar Zamfara daga Sakkwato ba muka tashi daga cikin garin Gusau muka koma Damba. Ba da son ranmu ba ne. Ma'aikata sun yi ta kwararowa da iyalansu, ɗakin haya ya zama abin rububi, mai gidan da muka daɗe a cikinsa ya ce ɗansa zai yi aure yana son ɗakunansa. Babanku bai ja da shi ba, kun san halinsa. Ya ɗaure zartonsa da gudumarsa, muka loda tarkacenmu a a-kori-kura, muka kama ciki da falo a gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi. Damba ta wancan lokaci ba wadda kuka sani ba ce. Gidaje tsilli-tsilli ne, gonar dawa a tsakanin kowane gida da ɗan'uwansa, Fulani na ratsawa da shanu ta ƙofar gidanmu safe da yamma. A gefen gidan babanku ya kafa rumfar kwano inda yake aikinsa na kafinta.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar Lahadi. Majami'armu ta Baptist tana can cikin gari, a can na yi shekaru ina shugabancin zumuntar mata. Daga Damba sai an hau kabu-kabu, kuma babur ɗaya ba ya ɗaukar uwa da 'ya'ya shida. Haka muka koma karɓa-karɓa: yau ni da biyu, mako mai zuwa babanku da biyu, sauran a bar su gida. Ba mu kaɗai ba ne. Akwai Maman Bose, Bayarbiya matar wani bakanike, akwai matan 'yan sanda daga kudancin Kaduna, akwai namu na ƙauyukan Tsafe da Bungudu da neman abinci ya kawo birni. Kowa haka yake yi. Yaran da aka bari kuwa sai su wuni suna jifan ƙadangaru.

Wata Lahadi a tsakiyar marka aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin ya ɗauke, kwarin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya batse, babu mai ƙetarewa. Na leƙa waje na ga yaran unguwa cikin kayan zuwa majami'a suna tsalle a taɓo. Ban yi wani dogon tunani ba, haushi ne ma ya sa na kira su. Na tura su ƙarƙashin rumfar babanku, na zaunar da su a kan katakai, su tara har da ku. Ni ba malama ba ce. Karatuna na yaƙi da jahilci ne da na yi a ƙauyenmu bayan 'Yandoto, ina goye da Rifkatu. Amma na lura duk yaran nan, Bayarabe da Bakatafe da Bahaushe, da Hausa suke faɗa da Hausa suke shiryawa. Sai na ba su labarin makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓace, da Hausar da suke ji. Na gama ina jin kaina, sai Bose, wadda a lokacin ba ta fi shekara bakwai ba, ta ɗaga hannu.

"Inna Saratu, to da ya tafi neman ɗayar, wa ya tsare masa sauran?"

Tunda nake jin labarin nan ban taɓa tambayar kaina haka ba.

"Ki dawo Lahadi mai zuwa in gaya miki," na ce.

Da suka watse, babanku da ke can gefe yana wasa zarto kamar ba ya jinmu ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Ki ce mata ya bar su hannun maƙwabcinsa. Makiyayin da ba shi da maƙwabci ai ba makiyayi ba ne."

Lahadin da ta zagayo Bose ta dawo karɓar amsarta, ta zo da ƙannenta da 'ya'yan gidan da ke bayansu. Asalin makarantar Lahadi ta Damba ke nan. Babu kwamiti, babu takarda, tambayar yarinya ce da na kasa amsawa.

Kafin dawa ta fitar da kai rumfar ta yi mana kaɗan. Babanku ya tattara guntayen katako ya buga mana benci huɗu, na dai fito na tarar da su a jere. Kowace Asabar da yamma ni da Maman Bose mu share ɓuntun katako mu yayyafa ruwa. Iyaye mata suka fara rako yara, wai su ga inda suke zuwa, sai su maƙale a bakin rumfa har a tashi. Daga baya suka daina fakewa da rakiya, kowacce ta zo da tabarmarta. Maza ma ɗaya biyu suka soma tsayawa daga nesa, hannu a baya. Ni kuwa tun daga ranar ruwan nan ban sake zuwa sujada cikin gari ba, don in na tafi wa zai zauna da su?

Labari ya kai cikin gari, kuma bai kai da kyau ba. Aka aiko a kira ni gaban dattawan ikilisiya. Babbansu shi ne Baba Dauda, tsohon malamin firamare, mutum mai tsare doka wanda ko fasto yana shakkarsa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Saratu, wa ya ba ki izinin buɗe majami'a?"

"Baba, ban buɗe majami'a ba. Yara ne nake ba labari."

"Yara ne har da masu gemu? An ce mini kujerun mata sun fara zama babu kowa a nan. Ke da muka ɗora a kan zumunta, ke ce mai raba garke?"

Na ce masa garken da nake tattarawa ba daga wurinsu na ɗebo shi ba, a taɓo na tsince shi. Maganar ta yi masa zafi. A wurin aka sauke ni daga shugabancin zumunta, aka ce in dakatar da taron har sai ya zo ya gani da idonsa. Shekarun da na yi ina wa matan nan hidima, a zama ɗaya aka share su. Amma ban dakatar ba, wannan laifina ne kuma na amsa shi. Na ce in ya zo rufewa, gara ya tarar da abin da zai rufe.

Bayan mako uku sai ga shi a kan kekensa, babu sanarwa, muna tsakiyar darasi. Ya jingine keken ya zauna a kan wani guntun katako can baya. Na ci gaba da darasina. Da na gama ya miƙe ya shiga yi wa yara tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, irin na malamin da ya zo kama kuskure. Suka yi ta amsa masa, har suna rige-rigen ɗaga hannu. Ya sa su haddar aya, suka kawo. Ya ce wa zai rufe mana da addu'a, sai wata tsohuwa 'yar wajen Tsafe ta ɗauka. Shekararta nawa tana zuwa cikin gari ba a taɓa jin muryarta ba, don wa'azin Turanci ake yi ana fassarawa sama-sama. Ranar ta yi addu'a da Hausarta ta ƙauye har wasu mata suka yi ta share ido. Baba Dauda ya cire tabaransa ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya dubi rumfar, ginshiƙi huɗu da kwano, babu bango ko ɗaya.

"Na zo in rufe wurin nan," ya ce, "amma ban ga ƙofar da zan rufe ba."

Shi da kansa ya koma ya tsaya mana a gaban ikilisiya. Aka yarda a ɗauke mu tashar wa'azi, a riƙa turo mana mai wa'azi kowace Lahadi, da sharaɗi ɗaya: mu sami wuri namu na kanmu. Murna ba ta gama ratsa mu ba sai ga Alhaji mai gidanmu. Ya zo da mutunci, ya gaisa da babanku, ya ce shi ba ya da faɗa da addinin kowa, amma gidan zama ya ba mu haya ba wurin taro ba, sauran 'yan haya sun fara kuka da cinkoso. Ya ba mu zuwa a gama kai amfanin gona gida. Gaskiyarsa ce. Muka bazama neman fili, amma a shekarar nan duk inda ka nuna an riga ka. Ikilisiyar cikin gari ma tana fama da nata ginin.

Fili ɗaya ne na sani, kuma kowa ya san shi, babu dai mai iya furtawa. Na babanku ne, can gabas da unguwa, a gefen gonar Malam Garba mai unguwa. Gumin shekarunsa ne, haɗe da rabonsa na gonar gado ta Bungudu da yayansa, Baba Tanko, ya yarda aka yanka aka sayar don ƙaninsa ya sami inda zai ajiye iyali. An riga an haƙa harsashi, bulo na nan a jibge. Kowace yamma in ya tashi aiki sai ya taka can ya zagaya ya dawo. Na yi kwana da kwanaki ina juya maganar a ciki. Wata rana da hantsi na kai masa kunu rumfa, na tsaya ban tafi ba.

"Maigida, filin nan naka."

Ya ajiye gudumar.

"Saratu, kin san abin da kike tambaya?"

"Na sani."

"'Ya'ya shida gare ki."

"Na ƙirga su. Amma ran Lahadi sun fi haka."

Kwana uku bai sake tayar da zancen ba, ni ma na kama bakina. A rana ta huɗu ya ce in shirya, gobe za mu Bungudu.

Mun tarar da Baba Tanko a masussuka ana bugun gero. Shi ma fa mai bi ne, Kirista kamarmu, kada ku ɗauka ƙin addini ya sa shi. Babanku ya durƙusa ya gaishe shi ya faɗi abin da ke tafe da mu. Baba Tanko ya jefar da sandar da ke hannunsa.

"Mi kac ce? Gonar ubanmu munka yanka don ɗiyanka su samu inuwa, shi ne za ka ɗauka ka ba jama'a? Allah na da gidaje ko'ina cikin duniya. Ɗiyanka ko ɗaya ba su da."

Ya juyo kaina.

"Wagga matar ce ta juya ka. Ke, ba ke ba ce?"

"Ni ce na tambaya, Yaya," na ce.

"Ita ta tambaya," in ji babanku, "ni na amsa. In da laifi, nawa ne."

Baba Tanko ya ce tunda an riga an yanke, ba shawara muka zo ba, sanarwa muka kawo. Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Ko rakiya ba a yi mana ba, ko damin gero da ya saba ɗaura mana ba mu gani ba. Daga ranar bai sake taka gidanmu ba sai ranar da aka binne babanku.

To ku ji da kyau. Babu dattijon da ya roƙi babanku, Baba Dauda ma da ya ji sai da ya ce ya koma ya sake tunani. Babu wanda ya yaudare shi. Ni na buɗe baki, shi ya ɗauki kwana uku ya auna da hankalinsa. Abin ya ci mu, ba zan ɓoye ba. Ba mu sake samun halin mallakar wani fili ba. A gidan haya kuka girma, a gidan haya na aurar da Rifkatu, a gidan haya babanku ya cika. Maganar Baba Tanko ba ƙarya ba ce, kuma ban taɓa riƙe shi a zuci ba. In akwai wanda yake da sauran haushi a cikinku, ga ni nan, ya kawo shi wurina, ya bar kabarin ubansa ya huta.

Saura maƙwabta. Babanku da Baba Dauda suka ɗauki goro suka je wurin Malam Garba, don shi ne mai unguwa kuma gonarsa ce ke iyaka da filin. Babanku ya ce mini tsohon ya saurare su har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya yi dariya.

"Kahinta, na saida maka hili don in samu maƙwabci guda, yanzu kuma gayya za ka kawo mini?"

Ya ce ba zai yanke shi kaɗai ba. Ya tara magidantan unguwa a ƙofar gidansa bayan la'asar. Wasu suka ce ba su yarda ba, za a dame su da ganga. Aka yi ta ja har Malam Garba ya ɗaga hannu.

"Mutumen ga shekara guda muna tare. Shi ya gyara muna ƙyauren masallaci, ba mu aike shi ba. Wa ya taɓa jin muryatai sama da ta wani? Ku yi ibadarku, mu yi tamu. Abu biyu nika so: in anka kira salla ku sassauta ganga, kuma ɗiyanku kar su tattake mini dawa."

Muka riƙe sharuɗɗan nan biyu kamar doka. Har yau in kun lura mai ganga yana ajiye sanda in ladan ya ɗaga murya, ko da bai san mafarin abin ba. Da aka fara gini kuwa, amalanken shanun Malam Garba ce ta yi mana jigilar yashi daga kwari.

Rani guda muka yi muna aikin. Alhaji mai gidanmu da ya ga an fara gini ya ƙara mana wa'adi. Maza su zo ran Asabar su kwaɓa siminti, mu mata mu yi ta safarar ruwa daga rijiya har wuyanmu ya ƙage. Maman Bose ta kafa murhu a gefe tana dafa wa ma'aikata wake da shinkafa. Ran Lahadi in an tashi darasi, kowane yaro sai ya ɗauki abin da zai iya ya kai bakin gini kafin ya tafi gida. Babanku ya ajiye aikin mutane ya hau sama shi ya yi rufi, shi ya yi ƙofofi da tagogi. Ranar da ya buga kusa ta ƙarshe a kwano, mata suka ɓarke da guɗa har Fulanin da ke wucewa suka tsaya suna tambaya ko auren wa ake yi.

Aka sa ranar buɗewa gab da faɗuwar damina. Mutanen cikin gari suka zo mota guda, zumuntar mata da ankonsu da tulunansu na kiɗa. Muna tsaye a ƙofa, Baba Dauda ya ce kafin a buɗe yana da magana. Ya kira ni gaba.

"Matar nan ni na sauke ta daga shugabanci a gaban jama'a. To a gaban jama'a nake cewa ban yi daidai ba. Saratu, ki yafe mini."

Na durƙusa a gabansa. Ya miƙa wa babanku mabuɗi. Da ƙofa ta buɗe manya suka yunƙura, sai Baba Dauda ya tare hanya da hannunsa.

"A'a. Masu wuri su fara shiga."

Yaran makarantar Lahadi suka jeru biyu-biyu, Bose a gaba, suka shiga suna waƙa. Fasto da dattawa da manyan baƙi duk suna tsaye a rana har ɗan autansu ya wuce. Ban san lokacin da na saki guɗa ba, ni da ban iya ta ba.

Da aka tashi aka ci aka sha, jama'a suka ragu, babanku ya yafuto ni. Ya zagaya da ni bayan majami'ar zuwa ɗakin da ya keɓe wa yara, mai tagogi biyu da ƙananan benci. Ya taka ƙasan da ƙafarsa.

"Na sauya tsarin ginin duka, ban da nan. Nan kam yadda na haƙa shi tun farko na bar shi."

"Me ya sa?"

"Ɗakinki ne. Tun ranar da na sayi filin, nan na auna miki, inda iskar gabas ke shigowa."

Na tsaya ina duban bangon. Ya gyara hularsa, ya ɗan yi murmushin nan nasa da ba ya kai wa ga haƙora.

"Kin ga dai ban ci alkawari ba. Sai dai baƙinki sun yi yawa."

A ɗakin nan na koyar har idona ya daina ganin rubutu.